Rabin Ƙyaure

Mun iso Kalfu da la'asar sakaliya,
shareti ɗaya, jakin aro,
katifa biyu, tukwane, yara uku a bisa kaya.
Gidan gonar kakan Asumana
ya tarbe mu baki buɗe, ba ƙyaure,
jemagu suka riga dangi fitowa gaisuwa.

Shekara goma sha ɗaya ba a hura wuta a nan ba.
Gara ta ci azara ta bar mana ɓawo,
damina ta lashe kusurwar gabas
yadda akuya ke lasar kanwa.
Asumana ya zagaya sau biyu, hannu a baya,
ya ce, "Ƙashin gidan lafiya lau yake."
Na hangi shirwa ta cikin rufi, na yi shiru.

Kuɗin Abijan jika tamanin ne da ƴan kai,
a cikin gwangwanin madara.
Magini ya zo ya yi lissafi da tsinke a ƙasa,
lissafin ya wuce gwangwani, ya wuce mu,
ya miƙe har bakin rijiya.
Muka ba shi shayi, muka sallame shi da girma.

Sai muka zama maginan kanmu.
Ilu da Zali cikin laka da ƙaiƙayi har gwiwa,
suna gardamar wa ya fi dauɗa.
Auta Habsu na jidar tsakuwa ɗai-ɗai
zuwa inda ba a bukata.
Ni ce mai yaɓe,
tafina ya dare kamar tabki a tsakar rani.

Mun yi faɗa a kan tol.
Shi sabo yake so, mai ƙyalli, daga kasuwar Tawa,
ni na ce tsoho mai huji, a toshe da kwalta,
hatsi bai san ƙyalli ba.
Kwana biyu muna miƙa wa juna tubali
ba uffan.
Ran na uku tsani ya goce da shi,
na riƙe, ya sauko yana dariya,
aka sayo tsohon.

A ɗakin ciki, ina kankare tsohon yaɓe,
sai ga hannu a bango.
Yatsa huɗu da guntu.
Asumana ya daɗe tsaye, sannan ya ce,
"Haule ce. Taɓarya ta cinye mata wannan."
Ya ɗora nasa a kai, ya rufe shi duka.
Na yaɓe ko'ina, na kewaye wurin.

Ado kuwa, abin da Allah ya hore:
farar ƙasa daga gindin dutse, kwando biyar a ka,
faifai bakwai jere kamar wata da ƙannensa,
labule daga zanen sunan Ilu,
madubin babur da Zali ta tsinta a hanyar lakwal,
wanda ke nuna ido ɗaya, sai ka matsa ka ga ɗayan.

Ƙyauren kafinta ya yi mana shi da katakon akwati.
Fenti shuɗi gwangwani biyu muka shirya,
zazzaɓin Habsu ya sha ɗaya a likita.
Wanda ya rage ya taso daga ƙasa,
ya kai daidai kan Zali, ya ƙare.
Maƙwabta in sun tambaya
sai ta ce haka ake yi yanzu a Yamai.

Daren jiya ruwan farko ya sauka.
Muka kwanta ido biyu, mu biyar, muna sauraron rufi.
Indararo ya yi ta zuba a waje, inda ya dace.
Wuri ɗaya kawai ya ɗiga,
saitin ƙafar Asumana.
Na tura masa kwanon miya da ƙafata cikin duhu,
ya ce gobe zai hau.
Habsu ta ƙirga ɗigon har goma sha huɗu,
iyakar ƙirgarta ke nan,
ta koma ɗaya.